Martani: A Tambayi Uwar Yaro Kafin A Ɗaga Allura

Na karanta maƙalar da ɗan'uwanmu Likita ya rubuta a fitowar da ta gabata, na ajiye ta kwana biyu, sannan na sake ɗauka, don kada in mayar masa da magana cikin fushi. Ga abin da na fahimta, in na ƙara gishiri ya gyara mini. A ganinsa, dokokin nan na neman yardar majiyyaci, da kwamitocin da ke zama su tantance bincike kafin a fara shi, kaya ne na ƙasashen da suka ƙoshi. Mu da sanƙarau ke yi wa ɗauki ɗai-ɗai kowace bazara ba mu da lokacin wannan. Ya ce mutanen karkara ba su yi lakwal ba, ko an yi musu bayani ba ganewa za su yi ba, saboda haka a nemi izinin sarki da maigari a wuce a yi aiki. Wanda ya noƙe kuma jahilci ke damunsa, hukuma ta tilasta shi.

Likita, na san inda wannan magana ta fito, kuma ban raina ta ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibitin Magarya a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu, ya ga yara biyu uku a gado ɗaya, zai fito yana jin haushin duk abin da ke jinkirta magani. A 2018 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta ba da sanarwar cewa a wannan asibiti kaɗai ana rasa kimanin yara 10 a kowace rana. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Ni ma ƴaƴana duka an yi musu lamba, katin rigakafinsu na nan a ajiye, kuma gobe in an yi shelar rigakafi ni zan fara kai su. Inda muka rabu da kai shi ne lissafin da ka yi na cewa tsallake tambaya yana ceton rai. An gwada wannan lissafi a Kano, tafiyar yini guda daga ƙofar fadar Damagaram, kuma mun ga abin da ya haifa.

A farkon 1996 annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Najeriya, ta kashe mutum fiye da 11,000. Ana tsakiyar wannan tashin hankali ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da wani sabon magani, Trovan, wanda a lokacin bai samu izinin shiga kasuwa ba. Suka ɗauki yara 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su maganin da aka riga aka sani, amma ƙasa da ma'aunin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon maganin, 6 a ɗayan. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta ko shanyewar jiki. Bayan ƴan makonni baƙin suka tattara kayansu suka tafi, annoba na ci gaba da ci. Kamfanin ya ce an nemi yardar iyaye da baki ta hanyar ma'aikatan jinya, ya ce cutar ce ta yi kisan, bai kuma taɓa amsa laifi ba. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan MSF na ba da tabbataccen magani kyauta. Takardar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin asibiti daga baya ta bayyana cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata.

Bari in ba ka abin da ya fi ƙarfi a hujjarka. A ce Trovan bai kashe yaro ko ɗaya ba, a ce duk sanƙarau ne, domin sanƙarau na kurumtarwa, yana kuma kisa. Ko a haka laifin na nan daram. Uba ya ɗauko ɗansa wuya a sanƙare, ya zo neman magani, aka sa ɗan cikin gwaji, shi bai san yana da zaɓi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayar halitta don a tabbatar ƴaƴan nasu ne. Shekara 15 ke nan suna jira.

Amma asarar da ta fi wannan girma ba a kotu aka ƙirga ta ba. A 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan-inna na ɗauke da abin hana haihuwa. Ƙarya ce, kuma ina faɗa da babbar murya cewa ƙarya ce. To me ya sa ta samu wurin zama a zukatan mutane masu hankali, har gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano sai a watan Yulin 2004, da aka kawo wanda aka sarrafa a Indunusiya? Dalilan da yawa, akwai siyasa, akwai yaƙin Iraƙi da ya ɓata wa musulmi rai a shekarar, amma sunan Trovan na cikin abin da ake kawowa a kowace majalisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A wannan ɗan tsakani ƙwayar cutar ta bi hanyoyin da fatake suka bi tun zamanin Sarki Tanimun, ta ƙetara iyakoki, ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Mu da ke aurayya da cinikayya da Kano ta Matamai da Daura, ta Magarya, ba mu tsira daga jita-jitar ba, ba mu tsira daga cutar ba. A watan Fabrairun 2013 aka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Ka dubi ƴan makonnin da aka yi tattali a 1996, ka dubi shekarun da aka biya. Sauri ya haifi nawa.

Mu ma a Nijar muna da namu darasin, kuma ya riga na Kano da shekara guda. A annobar 1995 ƙasarmu ta karɓi kyautar alluran sanƙarau 88,000 daga Najeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan MSF suka lura kamanninsu ba daidai ba ne, suka tsaya suka bincika, aka tabbatar ba na kamfanonin ba ne, ba kuma sinadarin rigakafi a ciki. Kafin a ankara an yi wa mutum kimanin 60,000, suka koma gida suna zaton sun samu kariya. A 2015, a tsakiyar wata annobar, aka sake kama jabun alluran sanƙarau a Yamai. Wanda ya tsaya ya yi tambaya a lokacin gaggawa shi ya ceci sauran. Lokacin annoba ne ɓarawo da mai neman riba ke samun ƙofa a buɗe, saboda kowa ya ruɗe. Yaya za a ce a daidai wannan lokaci ne za a sallami mai gadi?

Yanzu maganar da ta fi ƙona mini rai, cewa mutanenmu ba za su gane ba.

Ina da goggo a wani ƙauye gabas da Mirya. Wata shekara na kai mata ziyara, bayan mun gaisa ta jawo kwallarta daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙyalle, ta ciro takarda da aka ninke huɗu, ta ce, "Ɗana, duba mini, yaushe za su kawo hatsin?" Takarda ce da Faransanci, shafi biyu, a ƙasa ga dangwalen babban yatsanta da shuɗin tawada. Wasu mutane ne suka zo da farar mota, maigari ya sa aka yi shela, aka tara mata a gindin bishiya, aka tsaga yatsan jikanta aka ɗibi jini, aka ba ta sabulu. Ita a zatonta rajistar taimako ce. Na karanta mata abin da ke ciki: wai an yi mata cikakken bayani da harshen da take ji, wai ta amince da ranta, wai tana iya janyewa duk lokacin da ta so. Ta yi shiru, ta ce, "To jinin, ina suka kai shi?" Ban san abin da zan ce mata ba, domin takardar ba ta faɗa ba.

Wannan tambaya tata ita ce tambayar da masana ke zama a manyan taruka suna muhawara a kai: ina ake ajiye jinin da aka ɗiba, wa ke da iko da shi, shekara nawa, me za a yi da shi gaba. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kai ga tambayar cikin numfashi ɗaya. Ita ce uwar adashin mata 30, ba ta rubutu, ba ta taɓa ɓata wa kowa zubi ba. Ta san irin geron da ke nuna da wuri da wanda ke jure fari, ta san lokacin da za ta sayar da akuya da lokacin da za ta riƙe. Me zai gagare ta a bayanin gwaji? "Inna, wannan magani ba mu tabbatar da shi ba tukuna. Ƙuri'a za a jefa, wasu yara su samu maganin, wasu su samu abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki, mu kanmu ba mu san wa ya samu wanne ba sai an gama. In kin ƙi, ba abin da za a rage miki a likita." Na rubuta shi da Hausa, bai kai layi biyar ba. Abin da ya hana a faɗa mata haka shi ne tsoron kada ta ce a'a, kuma wannan tsoro shi ne dalilin da ya sa dole a tambaye ta. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Wane uzuri ya rage na kawo wa ƴar Damagaram takardar yarda da Faransanci? A rubuta da boko, a rubuta da ajami, a karanta mata a gaban shaidar da ita ta zaɓa, a yi wa Babarbariya da Barbarci, Bafulatana da Fulatanci, Buzuwa da Buzanci.

Batun sarakuna kuwa, ba ni zan rage musu daraja ba. Da ba don Mai Martaba Sarkin Damagaram da sarakunan ƙasa da masu gari da limamai sun tsaya ba, da ba a ci ƙarfin jita-jitar shan-inna ba. Baƙon da ya shiga gari bai yi sallama da maigari ba ya yi rashin ladabi, kuma aikinsa ba zai yi albarka ba. Sai dai izinin maigari na shiga gari ne. Maigari ba ya sayar da gonar talakansa ba da saninsa ba, ba ya ɗaura wa ƴar wani aure ba da waliyyinta ba. Malamanmu na fiƙihu sun sa yardar juna cikin sharuɗan ciniki, ko da tiyar gero ce. In tiyar gero na buƙatar yarda, ina ga jinin ɗa? Akwai kuma wani abu da kai ma ka sani: in maigari ya riga ya ce to a bainar jama'a, matar da ke da shakka ba za ta iya buɗe baki ba. Shi ya sa bayan shela sai an koma gefe an tambaye ta ita kaɗai.

Za ka ce mace a nan ba ta yanke hukunci sai da mijinta. Haka ne a gidaje da yawa, kuma maganinsa a zauna da mijin. A nan jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje a 2008, tare da asusun UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. An yi nasara ne don an ɗauki magidanta a matsayin masu hankali, aka yi musu magana, aka saurare su.

Ka kuma ce dokokin nan kayan Turawa ne. Ka duba yadda aka haife su. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun fito ne bayan abin da likitocin Jamus suka yi wa fursunoni. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata matalauta da ciwon tunjere ba magani, ana kallon yadda zai ci su, har bayan an samu maganinsa. Duk inda ka bi sawun waɗannan dokoki, a kan fursuna da talaka da baƙar fata za ka tarar an yi ɓarnar da ta jawo su. Mai kuɗi a Faris yana da lauya, yana da ɗan jarida, yana da wani asibitin in wannan bai yi masa ba. Goggona ba ta da kowa sai wannan doka. A watan Afrilun 2020 mun ji likitoci biyu a wani gidan talabijin na Faransa suna shawarar a je Afirka a gwada wata allura kan cutar korona, tunda can ba takunkumi ba kayan jinya, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito ya yi tir da maganar. Ranar duk Damagaram ta yi Allah wadai. Abin da ya dame ni, Likita, hujjarsu da taka uwarsu ɗaya: tunda ba su da komai, a sassauta.

Ka zo unguwar Kara-Kara ka gani. An ware ta ne don kutare, da sunan kare lafiyar jama'a, ba wanda ya nemi shawararsu. Yau kuturta na warkewa, maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, amma jikokinsu na nan da tambarin unguwar a goshi, kamar yadda Aisha Macky, ƴar garin nan, ta nuna a fim ɗinta na 2021. Hukuncin lafiya da aka yanke a kan mutane ba da su ba yana daɗewa fiye da cutar da aka yanke shi dominta.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a daina bincike a ƙasarmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allurar MenAfriVac da aka fara a watan Disambar 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ta kusan shafe nau'in sanƙarau na A, wanda shi ne ya yi mana ɓarnar 1995 da 1996. Tun kafin a haɗa ta an zo an tambayi jami'an lafiya na Afirka, har da na Nijar, suka ce allurar da ba za mu iya saya ba ba ta da amfani gare mu, aka koma aka nemo kamfani a Indiya da ya sarrafa ta ƙasa da rabin dala. A Madarumfa ta jihar Maraɗi, daga 2014, an gwada rigakafin gudawar jarirai mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500, aka samu ya rage gudawa mai tsanani da kusan kashi 67 cikin 100. Wanda ya san yadda firijin likitar ƙauye ke mutuwa a watan Afrilu ya san darajar wannan. Duka biyun sun bi ta kwamitoci, sun nemi yardar iyaye, kuma ba su makara ba. Ko a Gini, a tsakiyar Ebola a 2015, an nemi yardar mutane kafin a yi musu allurar gwaji.

Akwai ma inda tambayar ta fi wuya. A jihar Doso an gwada raba wa yara ƙanana maganin azithromycin sau biyu a shekara, ko ba su da ciwo. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a Nijar. Sai dai an kuma ga ƙwayoyin cuta sun fara bijire wa maganin, shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai ƴan wata 1 zuwa 11 a inda mutuwar yara ta yi yawa. Ran yaron yau ne a hannu ɗaya, maganin da zai yi wa ƙaninsa aiki gobe a ɗayan. Irin wannan awo ba na likita shi kaɗai ba ne, ba na mai ba da kuɗi daga waje ba ne. A nan ne muke buƙatar kwamiti mai haƙora, wanda ba a Yamai kaɗai yake zama ba. Muna da Jami'ar André Salifou, muna da babban asibitin ƙasa a Damagaram. Me zai hana a samu zama a nan, da likita da malamin addini da ungozoma da uwar da ta taɓa binne ɗa, su ga kowace takarda kafin farar mota ta kama hanyar ƙauye?

Na yarda da kai a wuri ɗaya. Hukuma na da ikon ɗaukar mataki in annoba ta ɓarke: ta killace, ta hana taro, ta kai tabbatacciyar allura ƙofa-ƙofa. Musulunci ma ya hana shiga garin da annoba ta faɗa da fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka. Amma maƙalarka ta cakuɗa abu biyu, maganin da aka tabbatar da maganin da ake gwadawa. Na biyun ba a tilasta shi ga kowa, ko ana mutuwa ɗari a yini. Na farkon ma, kafin ka kira uba jahili, ka tambaye shi dalili. Sau da yawa abin da zai ce maka shi ne: ɗansa na masassara ya je likita an ce ba magani, duk da an ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce tun 2006, ya sayo da kuɗin akuyarsa, ruwan sha sai ya bi layin jarka, amma ga ɗigo an biyo shi da shi har gida sau da yawa a shekara, kyauta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin nan tambaya yake yi, kuma ɗan sanda ba zai amsa masa ita ba.

Hunturu na tafe, bayansa bazara, kuma mun san abin da ƙura ke zuwa da shi. Iyaye, in an yi shelar lamba ku fito da yaranku, kada ku saurari mai cewa tana hana haihuwa. In kuma aka miƙo muku takarda da tawada, kada ku dangwala sai an karanta muku da harshenku: ku tambaya magani ne ko gwaji, ku tambaya ina za a kai jinin, ku tambaya wa za ku nema in yaro ya kwana da zazzaɓi. Kai kuma Likita, da abokan aikinka da muke ganin wahalarsu muna yi musu addu'a, roƙona gare ku shi ne in uwa ta tsaya a gaban teburinku ta ce "Na mene ne?", ku ajiye allurar ku amsa mata tukuna.